A Takarda Florencio Ya Warke

Ranar Laraba aka miƙa wa Cion Ragasa takardar, tana shiga gidan jinya na garinsu Waipahu da kwanon farfesun kaza da zogale a hannu. Kamfanin inshorar tsofaffi ya ce daga Juma'a zai daina biyan kuɗin jinyar mijinta Florencio. In suna so ya ci gaba da koyon tafiya a nan, dala ɗari huɗu da tamanin kullum, daga aljihunsu. Dalili kuwa, wai majinyaci yana kai kansa banɗaki, kuma ba ya jin ciwo.

Sau biyu ta karanta, ranta ya yi mummunan ɓaci. Mutumin da ya faɗo daga tsani wajen tsinkar mangwaro, ƙugu ya karye, shekara tamanin da ɗaya a duniya, shi ne ya warke cikin kwana goma sha biyu? Gidansu matakala goma sha huɗu ne kafin a kai ƙofa, ita kuma ko buhun shinkafa ba ta iya ɗagawa. In aka sallame shi haka, ya zauna ke nan har abada.

Ta nufi Jovelyn, mai koya masa tafiya, wadda jikar amininsa na coci ce.

"Ke, wa ya rubuta wannan ƙaryar?"

"Anti Cion, abin da ya faɗa muke rubutawa. Kullum na tambaye shi ciwo, daga ɗaya zuwa goma, sai ya ce sifiri. Kwana goma sha biyu bai danna ƙararrawa ya ce a kai shi banɗaki ba, ko sau ɗaya."

Nan Cion ta gane. Ai mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Florencio ya yi shekara talatin da huɗu a masana'antar rake bai taɓa cewa ba shi da lafiya ba, kuma har gobe yana taƙama da hakan kamar wata lambar yabo. Shi ne zai bari yarinyar da aka yi wa baftisma a gabansa ta sauke masa wando? Matsewa yake yi tun safe har ita Cion ta zo, ta rungumo shi suna tangaɗi su biyu zuwa banɗaki. Babu mai rubuta wannan.

Ta faɗa ɗakinsa a fusace, ta dire kwanon. A yarensu Lakay take ce masa, wato tsoho, shi kuma ya ce mata Baket, tsohuwa.

"Lakay! Tsohon banza, ka ga abin da ka ja mana? Sifiri? Ni nake jin kana cizon haƙora!"

"Haba Baket, rage murya, akwai mutum bayan labule. Yaran nan aiki ya yi musu yawa, ba na son in dame su."

"Ba ka son ka dame su, sai ni, kamar gadon baya biyu gare ni! Girman kai rawanin tsiya."

Ta buga lambar ɗaukaka ƙara ta kamfanin inshorar. Minti arba'in ana sa mata kiɗa kamar ta zo biki. Daga ƙarshe wata mai zaƙin murya ta ɗauka, daga wani gari can tsallaken teku, inda ba su san Waipahu ba balle matakalarta. Cion ta zayyane mata komai, har da kuɗin inshorar da ake cira duk wata ba fashi.

"Na fahimci damuwarki, Misis Ragasa, amma bayanan da ke gabana sun nuna..."

"Bayanan ne ke ɗaga shi daga gado, ko ni?"

"Maganar iyali ba ta soke abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa. Sai dai in shi zai gyara, kuma za a naɗi muryarsa."

Cion ta buɗe muryar wayar, ta aza ta a ƙirjin mijinta. Jovelyn na tsaye bakin ƙofa a matsayin shaida. Maƙwabcinsa na bayan labule ya rage sautin talabijin, ɗan gulma.

"Faɗa mata," in ji Cion.

Florencio ya dube ta, kallon roƙo. Shekara hamsin da biyar da aure ba ta taɓa kunyata shi a gaban mutane ba, kuma ta ji tausayinsa har cikin ranta. Amma ba ta ɗauke wayar ba.

"Ba na iya tashi ni kaɗai," ya ce a hankali. "Ciwon... takwas ne. Matata ke kai ni banɗaki. Ranar Lahadi ta makara, sai na... na ɓata gado. Na rufe da bargo har ta zo ta canza."

Jovelyn ta sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri Mista Ragasa," in ji muryar, "layin ya ɗan yanke. Ko za ka maimaita daga ranar Lahadi, da ƙarfi?"

Cion ta kai hannu za ta fizge wayar ta zazzaga mata rashin mutunci, sai tsohon ya riƙe mata hannu. Ya maimaita, kalma bayan kalma, da ƙarfi yadda har na baranda za su ji.

Aka ji ana danna madannai. Matar ta ce ta gode, an ƙara masa kwana bakwai. Bayan nan za a sake duba lamarin, kuma in ana neman ƙari, za su buƙaci jin ta bakinsa kamar yau.

Florencio ya saki hannun matarsa ya juya fuska bango.

"Kin samu kwana bakwai ɗinki, Baket," ya ce. "Ki ce wa yarinyar nan ta fita."