Taron Iyaye a Cikin Bas

Sau uku makaranta tana aiko wa baban Auta takardar taron iyaye, sau uku bai je ba. Direban bas ne, kuma ƙarfe goman da ake taron yana kan sitiyari. Abin da ya sani kawai, makin yarinyar ya lalace, har ana maganar za ta maimaita aji. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, duk a banza.

Ranar Laraba da yamma, a tashar gaban makaranta, wata mata ta hau da jaka cike da littattafai, ta zauna a kujerar bayansa.

"Sannu da aiki, baban Auta. Ni ce malamar ajinsu. Tunda ba ka samu zuwa taro ba, na ce bari in kawo maka shi."

Ya kalle ta a madubin mota.

"Malama, ki yi haƙuri. Wallahi ba raini ba ne."

"Na sani. Kai dai kalli hanya."

Sai da suka tsaya cik a cunkoso ta fara bayani. Ita kowace Litinin takan sauya wa yara wurin zama, na gaba su koma baya, don kada wani ya ce an fi son wani. Da ta jera aikin Auta mako-mako, sai ta ga abin mamaki. Makon da take gaba, komai daidai. Makon da ta koma baya, uku ta zama takwas, rabin jimla ta ɓace.

"'Yarka ba malalaciya ba ce. Allon ne ba ta gani."

Wata tsohuwa da ta kasa kunne tun farko ta ce, "Kai, direba! Kana hango fasinja tun daga ƙarshen titi, amma ka kasa ganin 'yarka tana ƙanƙance ido?"

Mota ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Yana tuna ranar da ya ce wa Auta kanta babu komai, ta sunkuyar da kai.

"Kada ka ɗora wa kanka," in ji Malama a hankali. "Ni ma sai da na yi wata biyar kafin in gane. Na bar ta a layin gaba, kuma shugaban makaranta ya yarda a jira ƙarshen zango kafin a yanke maganar maimaita aji. Saura a duba idon."

Ranar Asabar ya roƙi wani abokin aikinsa ya riƙe masa mota, ya kai Auta asibitin ido, aka ba ta tabarau.

Ranar da sakamako ya fito, ya hango Malama a bakin ƙofar makaranta tana sallamar yara. Ya taka birki, ya leƙo ta taga.

"Malama! Ta wuce! Allah ya saka da alheri, ya raya miki zuri'a!"

"Amin, baban Auta. Maza ja motarka, ka tare wa mutane hanya."