Kabad ɗin da Aka Raba Biyu

Guntu da Dogo 'yan dako ne a wani kamfanin kwashe kayan masu canjin gida. Abokan aiki suka liƙa musu sunayen, kuma ba su yi ƙarya ba. In za a sauko da kaya a matakala, Dogo na ƙasa, Guntu na sama, sai kayan su daidaita kamar a kan tebur. Ba sa yawan magana. Dogo ya yi gyaran murya, Guntu ya san a karkata. In aka dire gado a sabon ɗaki yara suka hau tsalle a kai, sai su kalli juna su yi dariya.

Da bayan Guntu ya fara ciwo, mai kamfanin ya ba shi kujera a ofis, ya riƙa amsa waya yana tura mota. Matarsa ta yi murna, ta goge masa farar riga.

"Yanzu ka zama mutum," in ji ta.

Wata safiya Dogo ya leƙo ofishin. "Guntu, ka tuna tsohuwar nan ta bene, mai katon kabad ɗin da mijinta ya ƙera? Mu muka hau da shi. Yau za ta koma wurin 'yarta. Zo ka kama mini, kai kaɗai ka san kwanar matakalar nan."

Ciwon bayan kuwa ya daɗe da warkewa. Guntu ya dubi rigarsa, ya dubi wayar.

"Haba Dogo, ga ƙarti nan cike da mota. Ni wa zai riƙe mini nan?"

Dogo ya juya ya fita.

Da yamma ya dawo da garin katako a gashinsa. Kabad ya maƙale a kwana, sun juya shi ta ko'ina ya ƙi, direba na ta danna oda, sai suka sa zarto suka raba shi biyu.

"Me tsohuwar ta ce?" in ji Guntu.

"Cewa ta yi sannunmu da aiki. Sai ta juya fuska bango."

Ba a jima ba Dogo ya ajiye aikin, ya koma garin ɗansa. Sun yi sallama a bakin ƙofa, ana kiran Guntu a waya.

Guntu ya ci gaba da zama. Kullum yana aika mutane gidajen da ba zai taɓa ganin cikinsu ba. In mota ta dawo, ma'aikata na shewa kan abin da ya faru a can, shi sai ya yi murmushin wanda bai san kan zancen ba.

Ranar hutu ya ɗauki gam da ƙusoshi, ya nemi gidan 'yar tsohuwar. Ya tarar da kabad ɗin a kwance a baranda. Wuni ya yi yana haɗawa. Ya haɗu, amma tabon zarton na nan daga sama har ƙasa, ƙofa ɗaya kuma ta ƙi rufuwa.

Tsohuwar ta shafa wurin da tafin hannu. "Ina dogon abokin naka?"

"Ya yi tafiya, Mama."

Guntu ya durƙusa ya kama gefe ɗaya na kabad ɗin zai tayar da shi, ya kasa. Dole 'yar ta fita kiran maƙwabci.