Ranar Da Jak Ya Matse Ƙafar Dogo

A siton kayan abincin da Dogo yake aiki, shi ke koya wa sababbin ma'aikata tuƙa jak, injin nan mai batir da ake zura wa ƙarafa biyu a ƙarƙashin katakon kaya a ja.

Ran nan motar kifi ta iso a makare, direba sai danna ham yake. Dogo ya lodo katan-katan, yana ja da baya zuwa ɗakin sanyi. Ashe raɓa ta jiƙa simintin bakin ƙofa. Ya saki hannun jak don birki ya kama, amma bai tsaya ba, ya sulalo ya matse masa ƙafar hagu da ƙarfen kantar ajiye kaya. Mai shara ce kaɗai ta gani. Ta ce bari ta kira shugaban aiki, ya hana ta, wai bakin takalminsa na ƙarfe ne, shi ya tare. Haka ya ƙarasa sauke motar yana ɗingishi.

Da ya koma gida da la'asar, takalmi ya ƙi fita. Matarsa ta ja, ya cije leɓe, zufa na keto masa. Ta ɗauko almakashi, ya ce ta dakata, takalmin kamfani ne.

"Ƙafar fa, Baban yara? Ita ma tasu ce?"

Ta yanke shi. Ƙafa ta kumbura suntum, yatsu sun yi baƙi. Ta kira ƙaninsa ya zo da mota.

A asibiti hoto ya nuna karaya. Likita ya ce da an zo tun da safe ɗauri kawai za a yi, amma takawar da ya yi ta gocar da ƙashin, sai an yi aiki.

Shugaban aiki ya zo dubiya, ya tambaye shi me ya hana shi magana. Dogo ya ce:

"Oga, ni da nake koya wa mutane, da wane baki zan faɗa?"

Shugaba ya tura masa ledar lemo.

Da Dogo ya warke, tsayuwa mai tsawo ta gagare shi. Aka ba shi kujera a ƙofar lodi, yana duba sanyin motoci kafin a sauke. Bakin ɗakin sanyi kuwa an shimfiɗa masa roba, jak ɗin ma an canza masa birki.