Man da Giyar Fijon Baba Take Sha

Shekarar da aka ba da mulkin kai Baba ya sayi Fijo 403, kuma shekara goma sha shida ya yi yana jigilar fasinja da ita tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Da ya rasu motar ta dawo hannuna, ni Badaru, ɗansa na biyu. Lokacin nan kuwa ƙasa ta cika da sababbin motoci, kowa a tasha kallon tsohuwa yake yi mata.

Don in nuna ni ma na iya riƙo, sai na kai ta garejin Maikuɗi, bakaniken da bai daɗe da dawowa daga Kano ba, bakinsa fal Turanci. Ya zubar da man giyar da ke ciki, ya ɗura wani mai kauri kamar zuma. Ya ce, "Wannan shi ake yayi. Naku na da ai ruwa ne."

Wata biyu ba a rufe ba giya ta biyu ta fara gardama. In na taka kuloci na tura, sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, fasinja su hau salati. Maikuɗi ya saurara, ya girgiza kai, ya ce giyar ta mutu murus. Har mai saye ya samo mini, wani Alhaji Bappa, wanda zai farke motar ya sayar da kayanta ɗaya-ɗaya ran Laraba. Na amsa, amma raina ya yi baƙi ƙirin.

Ran Litinin na koma gida na tuɓe rigar aiki na jefa a kwando. Inna ta ɗauka za ta jiƙa, sai ta tsaya, ta kai ta hanci.

"Badaru, wane irin mai ne wannan?"

"Man giya ne, Inna. Ɗazu na shiga ƙarƙashinta."

"Ba na motar nan ba ne." Ta sake shinshinawa, ta yamutsa fuska. "Wannan warin baragurbi yake. Ni na wanke rigunan ubanka tun ranar da ya kawo ta. In ya taɓa inji, in ya taɓa giya, warin ɗaya ne. Galan ɗaya yake zuba musu."

Na so in yi dariya, Allah Ya kiyaye ban yi ba. Inna ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba, amma ban taɓa jin ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba.

Washegari da safe na kai ta garejin Maikuɗi, na kwance mazubin man giyar da kaina. Man ya fito da ɗan ƙyalli-ƙyallin tagulla a ciki, ashe haƙoran giyar yake ci a hankali. Na wanke, na ɗura baƙin mai na inji, irin wanda Baba ke saye. Maikuɗi ya tsaya a kaina hannu a ƙugu, yana cewa ba a taɓa yi ba. Na ce to yau za a yi.

Na roƙi Inna ta raka ni gwaji. Ta yafa mayafi ta zauna a gaba, ta ƙanƙame ƙofa. Muka kama hanyar Basirka, sai da mota ta yi zafi muka iso hawa. Na taka kuloci, na jawo giya ta biyu. Ta ɗan yi tsaki kaɗan, sannan ta faɗa wurinta lakadan. Na sake, ta sake shiga. Wallahi ji na yi kamar in tsaya tsakiyar hanya in tara mutane su ga uwata.

Ran Laraba Alhaji Bappa ya iso tasha da akwatin sifanunsa, ya tarar fasinja bakwai sun cika motar, har da akuya a but.

"Badaru, ina maganarmu?"

Na leƙo ta taga na ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Bakaniken gidanmu ta duba, ta ce da sauranta."