Yadda Burulsun Ta Tsallake Ragunan Dangi

Kaka biyu a jere Burulsun tana ɗaura niyyar zuwa kudu ta ga yayarta Kanishai, kaka biyun nan kuma raguna suna tare mata hanya. Ba masu rai ba, waɗannan ai ham ɗin mota ya ishe su. Dafaffu.

Tsakanin At-Bashi, inda aure ya kawo ta tun haƙoranta suna cike, da dajin gyaɗar bishiya na kudu inda aka haife ta, hanyar tsakuwa ce mai ratsa ƙananan garuruwa, ta hau dutse ta gangara. Mashigar dutsen da ke bayan Kazarman kuwa, da zarar dusar ƙanƙara ta farko ta sauka an rufe ke nan, sai ta narke. Kuma babu garin da ke kan hanyar nan da dangin mijinta Toktosun ba su cika shi ba. A wajenmu dattijo ba ya wuce ƙofar ɗan'uwa. In ya wuce, za a yi ta zancen har ranar jana'izarsa. In ya tsaya, sai a jawo rago a ce ya sa albarka, kafin ya shafa an kwantar da ragon. Kafin nama ya nuna rana ta faɗi. Gari na wayewa maƙwabci zai zo ya tambaya laifin me ya yi da za a tsallake gidansa.

Bara waccan a Ugut ƙanƙara ta riske su suka juyo. Bara ko Ak-Tal ba su wuce ba.

Bana, ana fara haƙar dankali, Kanishai ta bugo waya.

"Ke Burulsun, in bana ma ba za ki zo ba, kada ki wahalar da kanki. Ki bari sai sadakar arba'in ɗina. An ce doki za a yanka, na san mijinki ba zai bari ta wuce shi ba."

Ta kece da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi ƙarewa. Burulsun ta riƙe wayar a kunne tana sauraro har aka kashe. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Da la'asar ta share teburin shayi ta ce wa mijin ya ɗauko taswirarsa. Toktosun tsohon direban motar madara ne, taswirar ma tun ta wancan zamanin ce, duk ta yage a wuraren ninki. Ya shimfiɗa ta yana hura hanci kamar zai ci ƙasa da yaƙi. Ita kuma ta jawo kwanon sukari.

"Duk garin da kake da ɗan'uwa, ka faɗa in ɗora masa ƙwaya ɗaya. Inda babu sukari, nan za mu bi."

"Narin, Jeenbek ɗan wana."

Ta ɗora.

"Ak-Tal, surukan Jeenbek, da kawun nan mai ido ɗaya."

Ta ɗora biyu.

Kafin shayi ya huce taswira ta yi fari fat, kwano ya koma wayam.

"Wannan 'yar hanyar da ta zagaya ta bayan kogi fa?"

"Nan 'yar ƙanwar babata ke aure."

"Wannan ɗigon fa, tsoho?"

Toktosun ya sunkuya, ya kankare da farce. "Wannan kashin ƙuda ne."

"To ko a cikinsa na tabbata kana da kawu."

"Ai ga babban titi," in ji shi. "Mu zagaya ta Bishkek, kwalta har kudu."

"Mu faɗa hannun 'ya'yanka? Wancan zuwan ka manta? Matar ɗanka ta kwashe ni sai gidan likita, suka ƙwace mini kitse suka ba ni ganye kamar akuya. In na shiga birnin nan ba za su sake ni ba sai an ɗebe mini jini rabin kwalba."

Suka tsaya a kan cewa za su fita da sassafe ranar Laraba, ba tare da kowa ya ji ba, su wuce kowane gari kamar ɓarayi. Burulsun ta san shirin da rauni. Motarsu Niba ce koriya, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, kukanta kuma daga bayan tsauni karnuka ke gane shi. Duk da haka ta shiga soya burodin tafiya, ta cika tulu da man shanu, ta naɗe wa yayarta gyale mai kauri.

Ranar Litinin ta zagaya bayan tarin ciyawa neman ƙwan kazar nan mai yawo, sai ta ji muryar mijinta ƙasa-ƙasa.

"Laraba, da hantsi. A'a Jeenbek, wallahi kada ka wahalar da kanka. Shayi kawai. To, in dai baƙin ragon nan ne mai ƙaton mazaunai, ba zan hana ka neman lada ba."

Ta tsaya da ƙwai a hannu, ta rasa ko a ƙeya za ta fasa masa. Ashe ba dangi kaɗai ke tare hanya ba, ɓarawon a gida yake kwana.

Ta kuma san dalili. Kan rago na babban baƙo ne, wanda ya fi kowa shekaru a kan shimfiɗa. Toktosun kuwa auta ne. Duk rayuwarsa yana can bakin ƙofa, yana zuba wa yayye ruwan wanke hannu, in an rarraba kai a miƙo masa kunne, abin da ake ba yara don su riƙa jin magana. Sai yanzu da yayyen suka kwanta dama ɗaya bayan ɗaya, gemunsa ya yi fari, aka fara ajiye masa kai a gaba. Mutumin da ya jira hakan shekara saba'in, ta yaya zai wuce rago a ɗaure?

Yayyen duk sun tafi, sai ɗaya.

Burulsun ba ta taɓa kama sunan wan mijinta ba, Babban Yaya take cewa, amma ni ba surukarsa ba ce, sunansa Satibaldi. Ya haura tamanin, matarsa ta rasu, yana zaune gidan ɗansa a ƙarshen layi. In zai je baƙunci da matashin kansa yake tafiya. An taɓa gayyatarsa bikin sa jariri a shimfiɗar lilo, bai bar gidan ba sai da yaron ya fara tafiya. In ya ɗaga hannu zai sa albarka, romo sai ya daskare a kwano kafin ya kai kan kakanni na bakwai. Kunnensa ba ya jin "Allah ya kiyaye hanya", amma a buɗe murfin tukunya a gida na uku ya ji.

Ta ajiye ƙwan, ta yafa gyale, ta ɗauki kwalbar zuma ta nufi ƙarshen layi.

"Babban Yaya, ƙaninka ne ya ce ba zai iya wannan doguwar tafiya ba babu babba a mota. Kunya ce ta hana shi zuwa da kansa."

Satibaldi ya dangwali zumar da yatsa. "Yaron nan ya fara hankali. Ta Narin za a bi? Na kwana biyu ban ga Jeenbek ba."

Aizada, matar ɗansa, tana bakin ƙofa da butar shayi. Ta ajiye butar ta shige ciki, kafin Burulsun ta shanye kofinta ga jaka a ɗaure, da matashin kai, har da babbar rigar fata ta tsakiyar hunturu. Da ta rako ta waje ta kama hannunta biyu ta sumbata.

"Inna, Allah ya ba ki Aljanna ba hisabi. In mai ya ƙare muku a hanya ku bugo, ko saniya ce za mu sayar."

Ranar Laraba Toktosun ya fito da sabuwar farar hularsa, ya shafa wa gashin baki mai, ya tarar da wansa a kujerar gaba ya rungume sanda.

"Tsohuwa," ya ce da ita a bayan mota, "mene ne wannan?"

"Yayanka ne. Ko ka manta kamanninsa?"

"Wa ya gayyato shi?"

"Kai mana. Je ka faɗa masa ƙarya na yi."

Satibaldi ya ƙwanƙwasa gilashi da sanda. "Kai yaro, rana na yi!"

Da hantsi suka shiga Narin. Ga Jeenbek a ƙofar gida, ga baƙin rago a ɗaure, wuƙa a ɗamara, fuska duk fara'a. Ya taho da hannu biyu a buɗe, ya leƙa kujerar gaba, fara'ar ta ɓace ɓat.

"Baba Satibaldi! Ashe... ashe da kai ake tafe."

"Da ni. Ragon nan na wane ne?"

"Wannan? Ba shi da lafiya, Baba. Tun jiya yake zawo. Wajen likitan dabbobi zan kai shi."

"Da wuƙa?"

"Ko da zai cika a hanya."

Nan da nan matarsa ta fito da gudu da burodi a faranti, aka miƙo ta taga kowa ya gutsura, don kada a ce sun wuce ba su ɗanɗana abincin gidan ba. Jeenbek ya dubi sama ya ce gajimaren nan bai yi masa ba, in shi ne su ba zai ɓata ko minti ɗaya ba. Da kansa ya tura motar ta tashi.

Waya ta fi Niba gudu. A Ak-Tal kowace ƙofa da kwaɗo, wai duk gari an tafi haƙar dankali, har kawu mai ido ɗaya da ya shekara bai sauka daga gado ba. Burulsun ta hango labule yana motsi, ta ɗaga masa hannu.

Kada ku ce a banza ta samu. Kowace gada sai Satibaldi ya ce a tsaya zai zaga. Ya koya wa direban shekara arba'in yadda ake riƙe sitiyari. Ya ba da labarin zamansa na soja daga farko, da ya kai ƙarshe ya ce ya manta wani wuri, ya koma farko. Ita tana baya, matashin kansa a cinyarta, ƙofa na kaɗawa a igiya. Amma karon farko ta ga hanyar nan da idonta ba ta cikin tururin tukunya ba: dogayen bishiyoyin bakin kogi sun yi rawaya kamar an kunna su, makiyaya a kan dawakai suna gangaro da garke daga tsauni, yara a bakin titi da bokitan tuffa.

A Ugut ne abin ya kusa lalacewa. Wata gwaggo mai suna Tolgonai, wadda tsoron Allah ya yi mata yawa, ta tsaya a tsakiyar titi ta ware hannuwa.

"Wallahi ba za ku wuce ba! Manya biyu a ƙofata? Ku sauko, yanzu a kama rago."

Satibaldi ya fara laluben marfin ƙofa. Burulsun ta ɗaga ido sama. Can yamma gajimare ya riga ya sauko kan duwatsu. Ta buɗe baki ke nan, sai ta ji mijinta ya riga ta. Ai ya gama lissafinsa tun daga Narin: in aka shiga, kai na yayansa ne, shi kuma da farin gemunsa zai ɗauki buta.

"Gwaggo, ki yafe mu. Yayar matata na kwance rai a hannun Allah. Wane irin mutum ne zai zauna cin nama a irin wannan hali?"

Burulsun ta dubi ƙeyarsa, ta ce a ranta, ji munafuki.

A Kazarman suka kwana a ɗakin haya kamar marasa gata. Washegari Niba ta hau dutsen tana tari kamar Kanishai. Suna kaiwa ƙoli farin abu ya fara sauka a kan gilashi, ɗaya-ɗaya. Satibaldi ya ce a tsaya zai zaga.

"Babban Yaya," in ji Burulsun, wadda ba ta taɓa musa masa ba tun da aka kawo ta, "ka riƙe."

Ya waiwayo ya dube ta, ya riƙe.

Sun sami Kanishai a cikin daji, inda iyalinta suka kafa tanti don tsintar gyaɗa. Tana zaune a kan buhu, ta rame har zobenta na yawo, hannuwanta baƙi ƙirin da ɓawon gyaɗa. Burulsun ta fito tun mota ba ta gama tsayawa ba. Suka rungume juna, suka yi kuka, suka zagi juna, suka sake kuka.

"Kin tsufa," in ji Kanishai.

"Ke kuma an ce kina mutuwa, ga ki kina aiki."

"Jiranki nake, ban son in tafi ban ga yadda kika lalace ba." Ta share ido, ta hangi abin da Toktosun ke ƙoƙarin zarowa daga kujerar gaba. "Tsaya. Wannan ba shi ne ya zo ɗaukar amarya ya kusa ƙarar mana da garke ba?"

"Shi ne. Shi ya kawo ni."

"To Allah ya isa tsakanina da ke."

Aka kama rago, don nan ma ba a san wata hanyar ba. Satibaldi ya sa albarka har romo ya daskare aka mayar wuta. Ana cikin haka wani mai babbar mota ya iso daga sama, ya ce ƙanƙara ta rufe mashigar, shi ne na ƙarshe da ya tsallako. Burulsun ta gyara zama kusa da yayarta, ta yafa mata gyalen nan mai kauri, ta jawo buhu ta fara ɓare gyaɗa.

Aka ajiye kai a gaban Satibaldi. Ya juya shi, ya yaba kitsen, ya yanko kunne ya miƙa can bakin tanti inda ƙaninsa ke tsugune da buta.

"Ungo, yaro. Ka yi tuƙi da kyau. In ka cinye ka ɗauko mini matashina a mota."