Kishiyata ta Itace ta Koma Ruwa

Tun da hukumar dam ta kewaye bakin ruwa da waya, kwalekwalen mijina Hamaundu ya dawo gindin mangwaronmu ya kwanta, ni kuma na zama baiwar jirgin. Itacen da ya saba da ruwa, in ya bushe tsagewa yake. Kullum sai na ɗebo ruwa daga rijiyar burtsatse, na jiƙa buhuna na lulluɓe shi, kafin ma in ɗora tukunyar nsima, tuwonmu na masara. Na tsani jirgin nan, ba na ɓoyewa. Amma da shi muke ci, kuma babu sauran bishiya mai girman da za a sassaƙa wani a duk yankinmu. In ya tsage, Hamaundu ya gama kamun kifi ke nan.

Da zafi ya kunno kai, wata siririyar tsaga ta fito a cikinsa, kullum tana ƙara tsawo. Hamaundu ya daina kallon wajen, ya kuma rage magana.

Ana haka hukuma ta amsa kokenmu na a buɗe mana hanyar shiga ruwa. Ta zuba siminti ta yi gangara mai kyau har cikin ruwa don ƙananan jirage, ta ce ƙofa kuwa mu yi da kanmu, sharaɗi ɗaya: kada shanu su shiga su ɓata wurin. Nan aka ba Siachoono aikin, abokin wasan mijina, wanda ya fi kowa shanu da baki.

Mu mutanen shanu ne, komai da saniya muke auna shi. Siachoono ya kafa turaku masu kauri, ya yi ƙofa mai lanƙwasa biyu, ka shiga ka juya hagu, ka sake juyawa dama. Har bijiminsa ya kawo ya gwada a gaban jama'a, bijimi ya kasa wucewa, aka yi ta tafi.

Ranar buɗewa shanun noma suka jawo kwalekwalenmu har bakin ƙofa. Maza suka ɗaga, suka tura hancinsa ciki, ya ci karo da turke ya tsaya. Aka ja baya, aka karkata, aka sake turawa. Sai na ji itacen ya yi wata 'yar ƙara.

"Ku ajiye min jirgi," in ji Hamaundu a hankali. Ya juya ga Siachoono. "Kai, ka taɓa ganin kwalekwale mai ƙugu? Ta ina zai lanƙwasa?"

"Cewa aka yi in hana shanu, na kuwa hana," in ji Siachoono. "Wa ya ce ka sassaƙa jirgi miƙaƙƙe kamar hanyar Lusaka?"

"Ka hana shanu, ka hana jirgi, saura kai da matarka ku shiga ku yi iyo."

Mutane na ta dariya, ni kuwa ko murmushi ban yi ba. Na ce, "Siachoono, in jirgin nan ya koma gidana yau, kai za ka riƙa ɗebo masa ruwa, da bokitina, a kanka."

"Haba uwar Miyanda, da girmana?"

"Da girmanka. Shanunka ta ina suke shiga garke da yamma? Su ma rawa suke yi hagu da dama?"

Ya sosa ƙeya. Kowa a wurin ya san ƙofar garke: turaku biyu, sanduna a gicciye, ka zare ka wuce ka mayar. Kafin rana ta karkata an tumɓuke ƙofar gwaninta an yi irin ta garke. Siachoono da kansa ya zare sandunan, yana cewa dama haka ya yi niyya tun farko.

Jirgi ya sauka kan siminti ya shiga ruwa, ruwa kuma ya shiga jirgi ta tsagar nan. Hamaundu ya sunkuya ya duba tsagar. Ya toshe ta da tsumma da ƙaro, ya loda duwatsu ya nutsar da jirgin a wuri marar zurfi, yadda ake yi don itace ya sha ya kumbura. Ko zai haɗe, ko ya riga ya mutu, babu mai iya faɗa. Kwanakin nan ko abincin kirki bai ci ba.

Da aka kwashe duwatsun aka kwalfe ruwan, duk muka leƙa ciki muna jira. Ƙasan jirgin ya tsane, bai sake jiƙa ba. Hamaundu ya shafa wurin da tafin hannu, ya shiga, ya karɓi filafili, ya tura. Ni kuwa na zauna a kan simintin ina kallonsa.

"Ka kawo min babba, ladan ƙofa!" Siachoono ya ɗaga murya.

"Zan kawo wa bijiminka," in ji Hamaundu daga kan ruwa.

Washegari na dawo daga rijiya da bokiti a ka, ƙafafuna suka kai ni gindin mangwaro kamar kullum. Babu komai a wurin sai buhuna da sawun jirgi a ƙasa. Na sauke bokitin, na zauna a inuwa, na wanke ƙafafuna da ruwan gaba ɗaya.