Mai Igiyar Baya

Duk wanda ya taso a gidan fawa ya san cewa sa mai faɗa mutum biyu ke kai shi mahauta. Ɗaya na gaba da igiya a ƙaho, ɗaya na baya da igiya ɗaure a ƙafa. Na gaba shi ake gani, shi mata ke yi wa guɗa, amma ransa a hannun na baya yake. Da zarar sa ya sunkuyar da kai ya yi kan na gaba, sai na baya ya fizge ƙafar, sa ya kai ƙasa. Aikin ke nan gaba ɗayansa, ko jaki aka koya wa zai iya. Ni Sumaila na kasa.

Shekara tara kafin 'yancin kai abin ya faru, a kan hanyar unguwar Sakasaka, a nan Tamale. Wana Zubeiru na gaba, ni ina baya. Wani baƙin sa ya juya masa. Ban gudu ba, kuma da ma gudun na yi, da an ce matsoraci an huta. Tsayawa na yi ƙiƙam, idona a buɗe, igiya tana zamewa ta cikin tafina, ina jin zafinta amma yatsuna sun ƙi rufewa. Ina kallo ƙaho ya shige masa kwankwaso. Wata biyar ya yi a kwance, ya tashi ƙafar hagu ta gajarce.

Daga ranar Sarkin Fawa ya mai da ni bayan mahauta, wurin wankin tumbi da hanji. Mahauta kuwa ba su barin mutum da sunan yankansa, suka raɗa mini Turke. Har masu koko a unguwarmu Zogbeli, in na miƙa kwano, sai ka ji an ce, "A zuba wa Turke." Matar wana, Sawudatu, ba ta taɓa kirana da shi ba. Ita ba ta kirana da komai ma, tuwo kawai take turo mini.

Zubeiru ne bai taɓa ce mini uffan ba. In ya ji ana tsokanata sai ya ɗaga wuƙa daga kan nama ya ce, "Ku ƙyale shi. Haka Allah ya halicce shi. Ana dukan makaho don bai gani ba?" Mutane su yi ta yabon haƙurinsa. Ni ma na yaba, amma gaskiya haƙurin nan ya gajiyar da ni fiye da warin tumbi. Da zagina ya yi sau ɗaya, da na san iyakar laifina.

Ba wai na zauna ba ne. Rubutu na sha shi har cikina ya gaji, laya na ɗaura ta a damtse da ƙugu. Duk da haka ko mutum biyu na gani sun kama kokawa a kasuwa, sai gwiwoyina su ƙage. A ƙarshe na daina roƙon ƙafafuna, na yarda cewa duk ranar tsiya za su mutu su bar ni. Abu ɗaya na gano ina durƙushe kan bahon hanji: wanda ya kasa ɗaga ƙafa ai bai kasa faɗuwa ba. Faɗuwa ba ta neman jarumta. In igiya na naɗe a hannu, mutum ya zube da baya, nauyinsa zai yi masa aikin. Na gwada da igiyar guga a bakin rijiya, sau da yawa, in ba kowa. Ban faɗa wa kowa ba, don wa zai ba Turke igiya?

Sai ga jajibirin 'yancin kai. Tamale ta cika da tutoci, kowace unguwa tana son yanka sa, samarin mahauta duk an watsa su ƙauyuka ɗauko shanu tun asuba. Na unguwarmu yana can Gbalahi a hannun wani manomi, Andani, ba mai ɗauko shi. Da hantsi Zubeiru ya zagayo bayan mahauta yana ɗingishi, igiyoyi biyu a kafaɗa.

"Wanke hannunka, mu je," ya ce.

"Yaya, ni?"

"Akwai wani a nan ban da kai? An ce san rago ne, noma yake yi. Riƙewa kawai za ka yi don idon mutane."

Muka kama hanya. Zafin watan Maris a garin nan ba sai na faɗa ba, ga shi dole in rage tafiyata don ta zo daidai da tasa, in kuma yi kamar ban rage ba. Kafin mu kai Gbalahi riga ta manne mini a baya.

Andani ya tarbe mu a ƙarƙashin kaɗanya, ya ba mu ruwa a ƙwarya. Da ya ga ƙafar Zubeiru, ya dube ni, sai ya girgiza kai, ya yi magana da 'yar Hausarsa ta koyo. "Ku biyu kawai? Wannan sa, kai nashi ba kyau koraa, ko kaɗan. Wa ya ce yana noma? Ya fasa garma biyu, shi ya sa ni sayar."

San ja ne, ƙahonsa ɗaya ya karkata ƙasa, yana kallonmu ta gefen ido. Na dubi Zubeiru ina fatan ya ce mu koma. Amma an riga an kafa tukwane a Zogbeli, kuma shekara tara ke nan ba wanda ya nemi Zubeiru ya ɗauko sa. Na ga abin a fuskarsa. Ya ɗaura igiyar ƙaho, Andani ya taya mu zarge ƙafar baya. Ni kuma na juya musu baya na naɗe igiyar sau uku a hannun dama, na kulle bakinta cikin tafi.

Tafiya ta yi lafiya har muka shigo gari. San yana huci amma yana bi. Ni ban kalli ƙahonsa ba, ƙafar da ke cikin igiyata kawai nake kallo, ina ƙirga takunta. Na gaji har na fara mantawa da tsoro.

Muna shiga Sakasaka wata lori ta ɓullo daga kwana, cike da samari, tuta a kowane gefe, lasifika a ka. Wani ya kwarara "Firidom!" a cikinta, saura suka amsa suna dukan garwa. Direban kuma, don neman suna, ya danna ham.

San ya tsaya cak. Ya sunkuyar da kai.

Abin da na sani ya zo, bai ko yi sallama ba. Gwiwoyina suka ƙage, kunnena ya toshe, na daina jin lasifikar. Na ga Zubeiru yana son kaucewa, ƙafar hagu ta ƙi ba shi haɗin kai, ya faɗi zaune a tsakiyar titi. Ina tsaye ina kallo, kamar wancan karon, igiya tana miƙewa a gabana. Wallahi ban ji wata zuciya ta taso mini ba. Na dai ce a raina, to, ƙafafun sun mutu. Sai na saki jikina na zube da baya.

Igiyar ta fizge ni kamar za ta cire mini kafaɗa. Ya ja ni a kan tsakuwa, bayana yana gurzar ƙasa, na kai hannun hagu na ƙara damƙewa, na kafa dugadugai a bakin kwata. Na ji ƙafar ta ɗaga. San ya tafi da gefe, ya faɗi tim, ƙasa ta amsa.

Mutane suka yi caa a kansa, wani ya danne wuya, wani ya murɗe wutsiya, aka ɗaure. Samarin lori suka diro suna ihu, suna dukan kafaɗata, wani har yana neman ɗaga ni sama. Wata tsohuwa mai tallan kuli-kuli ta rangaɗa guɗa. Igiya ta yanka mini hannu daga wuyansa har gwiwa, fatar bayana tana raɗaɗi, amma ban damu ba. Na ratsa su na nufi wana. Daɗi nake ji, irin wanda na manta da shi.

Yana nan zaune inda ya faɗi. Ƙahon ya tsaya bai fi taki ɗaya daga ƙirjinsa ba, ko rigarsa bai taɓa ba. Hularsa tana gefe a ƙasa, bai ɗauka ba. Ya daɗe yana kallon hannuna da jinin da ke ɗiga ta yatsu, sannan ya dubi ƙafarsa ta hagu da ke miƙe a gabansa.

"Ashe kana iyawa," ya ce.

A hankali ya faɗa, ba wanda ya ji sai ni. Na buɗe baki in ce masa ban iya ba, ƙafafuna yau ma sun mutu, faɗuwa kawai na yi, kuma shekara tara ta ɗauke ni kafin in koyi faɗuwar. Amma wannan wace irin magana ce za a yi wa gurgu a tsakiyar titi?

"Yaya," na ce, na miƙa masa hannu.

Ya kalli hannun. Sai ya dafa ƙasa, ya jawo ƙafar hagu da hannuwansa biyu, ya miƙe da kansa.